Jar Tutar Baba

Zogbeli, Tamale

Zuwa ga Yaya Alhassan,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Yaya Mariama da yara. Yaya zaman Kano? Mu nan lafiya lau, sai dai Baba.

Ka san tun muna yara yake gadin mararrabar titin jirgi a Kumasi, yana tsayar da motoci in jirgi zai wuce. To, sabuwar gwamnatinmu ta gina gada a wurin, wai cunkoso ya yi yawa. Yanzu motoci ta sama suke bi. An sallami Baba, ya dawo gida da jar tutarsa.

Direbobi suna murna, ban ga laifinsu ba. Amma Yaya, Tamale ko titin jirgi babu! Duk da haka, kullum bayan la'asar sai ya ɗauki tutar ya fita bakin hanya. Ran Talata ya tare wata motar doya daga Gbalahi. Direban ya fara zagi, da ya ga furfura sai ya kashe mota. Na kama hannun Baba na ce mu je gida. Ya ce, "Bari jirgin ya wuce tukuna, Fati."

Haka muka tsaya, har da direban, sai da ya sauke tutar.

Ka gaida kowa, ku sa shi a addu'a. Don Allah ka zo tun yana gane mu. Jiya ya tambaye ni ko a jirgin la'asar za ka iso.

Ƙanwarka,
Fati