Lambar da ke Dantsen Ummi

Zuwa ga Yayata Hadiza,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya a can ƙasar sanyi, ke da ƙwayoyin cutar da kike kiwo a ɗakin bincike, ina sanar da ke cewa an yanke gero, damina ta tafi, kuma Ummi tana nan. Ga ta ma tana jan zanina ina rubutu.

Kin san nauyin wannan magana a wurina. Damina ce ta ɗauke min ɗan farina, wanda don kunya ko sunansa ban taɓa faɗa ba. Zazzaɓin cizon sauro ya kayar da shi yana ɗan jariri. Shi ya sa bana, in hadari ya haɗo, kowa murna yake, ni gabana ke faɗuwa.

Kin tuna zuwanki suna? Ke kika saɓi Ummi zuwa asibiti aka yi mata lamba a dantsen hagu, allurar rigakafin tarin fuka. Kika dawo kika same ni ina shan kunun kanwa, kika buɗe min aji.

Kika ce akwai masu gadi a cikin jini da ake haihuwar mutum da su, kowace cuta ta shigo su ke fara tare ta. A da ana zaton ba sa riƙe karatu. Yanzu an fara gano cewa allura irin wannan tana horar da su, kamar mai gadin gona da ya saba korar tsuntsaye, ko akuya ce ta shigo shi zai fara gani. Aikinki shi ne gano ko horon yana taimakawa har a kan ƙwayar zazzaɓin sauro. Sannan kika ja kunnena: bincike bai ƙare ba, kada in kuskura in naɗe gidan sauro.

Bayan tafiyarki wurin lambar ya kumbura, ya fara ruwa. Inna Lami, surukata, ta duba ta ce maruru ne. Ta ɗora ruwan gashi a wuta, ta aika a kira wanzami ya fasa.

Yaya, ni da ba na iya haɗa ido da Inna, ranar na goya Ummi na tsaya a bakin ƙofa. Maganarki kawai na maimaita: “A bar shi, jikinta ne ke ɗaukar karatu.”

Inna ta daɗe tana kallona. Can sai ta janye hannun rigarta, ta nuna min tata lambar ta zamanin agana, ta fashe da dariya. Wanzami kuwa don kada ya koma haka, mijina ya zauna aka yi masa askin da bai shirya ba.

Zazzaɓin ya zo lokacin da gero ya fara fitar da kai. Muka kai Ummi asibiti aka gwada jininta, shi ne dai. Na ji tsoron da ban taɓa ji ba. Aka ba mu magani, jikin ya yi sanyi, ta kama nono tana harbina da ƙafa. Na yi kuka har ma'aikaciyar ta zaci ciwon ne ya tashi.

Ban san ko lambar ce ta taimaka ba, ko maganin ne da muka samu da wuri. Wannan ku za ku gano. Inna dai ta riga ta yanke hukunci, duk gidan da ta je barka sai ta duba dantsen jariri.

Ina kewarki, Yaya. Allah Ya sa albarka a bincikenki, Ya kai amfaninsa ga kowace uwa da ke tsoron damina, Ya jiƙan wanda ya riga mu, Ya dawo mana da ke lafiya. In za ki taho, ki taho da ɗan takalmi. Jiya Ummi ta saki bango ta tako zuwa wurina, kuma ni ban taɓa saya wa ɗan cikina takalmi ba.

Taki har kullum,
Ƙanwarki Rabi