Ruwan da Ba a Zuba a Tanki Ba

Litinin, 6 ga Mayu, 2024

Motar nan tawa ta sake mutuwa a tsakiyar Zoo Road, masu Adaidaita suna danna mini hon kamar na kashe musu uwa. Ƙanina Murtala ya jawo ta zuwa garejin Ɗahiru a Gyaɗi-Gyaɗi. Wai tsatsa ce ta ci tankin, ita ke toshe mai. Suka sauke shi, suka zuba tsakuwa da tsofaffin notoci da fetur, suka kama shi su biyu suna jijjigawa. Abin da ya fito kamar ruwan wankin nama. Ni ma na karɓa na girgiza, ina tuna fuskar shugaban makarantarmu. Ya yi daɗi.

Da tsatsar ta fita sai ga huda biyu a gindin tankin. Sai an yi walda. Gobe da azahar ina tsaron jarrabawa a Hotoro.

Talata, 7 ga Mayu

Tankin ya fashe. Murtala ne ke riƙe da shi.

Laraba, 8 ga Mayu

Fuska da hannuwa biyu. Fatar yatsunsa ta zame kamar safa. Warin gashinsa bai bar hancina ba.

Daga asibiti na biya gida na ɗauki taɓarya. Na tarar da Ɗahiru a kan benci, hannunsa ɗaya a naɗe. Na sauke masa a kafaɗa, na ƙara, na farfasa gilashin waldarsa, na watsar da kayan aikinsa a kwata. Na faɗa wa duk layin cewa ko jaki ya san ana cika tanki da ruwa kafin a kusanto masa da wuta, saboda tururin fetur, amma shi bai zuba ba. Bai ko kare kansa ba. Abin da ya ce kawai: "Allah Ya ba shi lafiya, Malama."

Da ya rama, da na fi samun sauƙi. Munafuki.

Alhamis, 9 ga Mayu

Indo, matar Murtala, ta raɗa mini cewa abokansa na Unguwar Gano sun tanadi jarkar fetur. Gobe bayan masallaci za su ƙone garejin, in Ɗahiru na ciki har da shi. Maganata ta jiya suke yawo da ita. Na ce Allah Ya ƙara.

Da la'asar Murtala ya motsa leɓe ta cikin bandeji. Na sunkuya. "Yaya, kin samu jarrabawar?"

Shekara ashirin da shida ina koya wa 'ya'yan mutane gane maƙaryaci a cikin labari. To. Ran Talata da safe Ɗahiru ya ce a wanke tankin, a cika shi da ruwa, ya kwana. Na ce masa gemunsa ya yi fari yana tsoron gwangwani, in ba zai iya ba in kai wa namiji. Mu uku muka ji. Ɗaya da ƙyar yake iya magana, ɗaya ya ƙi yi.

Juma'a, 10 ga Mayu

Na riga su zuwa. Na zauna a ƙofar garejin, taɓarya a cinyata. Su wajen goma, wani dogo a cikinsu, Bashir, shi ne riƙe da jarkar. Ya ce in matsa, don ni suke yi. Na buge jarkar daga hannunsa, fetur ya jiƙa mini zani har ƙafa.

"Ni na hana shi zuba ruwan. Ga ashana a aljihunka, ka fara da ni."

Wani ya zage ni. Wani ya tofar da yawu. Suka watse a hankali. Indo ba ta amsa sallamata ba da yamma, kuma tana da gaskiya.

Asabar, 11 ga Mayu

Motata na je dubawa, ba wani abu ba. Man zafin ma a jakata yake tun tuni, na ajiye a kan benci ne don ya yi mini nauyi. Kafaɗar Ɗahiru ta kumbura ƙwarai.

An kawo tankin wata motar. Da hannu ɗaya ba ya iya ɗaga bokiti, ni kuma ba na son ganin aikin banza. Na karɓi bokitin na fara zuba ruwa a tankin. Ya ce ya isa haka, Malama. Ban daina zubawa ba sai da ya tumbatsa.