Baya ga Littafi

Maegol, watan Yuli, 1975

Yaya Chunja,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya aiki, ya zafin Busan? Mu nan lafiya lau. Ruwa ya yi yawa, amma shinkafa ta tsaya da kyau. Inna tana gaishe ki, ta ce ki daina aiko mata da safa, ƙafa biyu gare ta.

Na ga saƙonki cewa an samar mini gurbi a masana'antar takalmanku. Na gode, Yaya. Zan zo. Amma ina roƙon a ɗan jinkirta mini.

Akwai abin da ban gaya miki ba don kunya. Tun da na gama firamare nake karatu wurin Malam Pyo, a tsohon zauren karatu na ƙetaren rafi. Ina tsinkar ganyen miya a bayan zauren nake jin yana karatu da ƙarfi shi kaɗai, babu ɗalibi ko ɗaya. Ashe ina bin sa a hankali ban sani ba. Rannan ya leƙo ta taga ya ce, "Ke mai bin bakina, shigo ki bi shi daga ciki kafin sauro ya ƙarasa ki."

Littafin magabata ne, da tsohon rubutu. Yakan karanta layi, in maimaita, muna rangaji gaba da baya har ya zauna. Ba ya fassara komai. Yanzu saura kaɗan in kai ƙarshe.

Ga dokarsa. Wanda zai sauke littafi sai ya zauna gaban jama'a, ya juya wa littafin baya, ya kawo shi da ka tun daga farko. Idan ya tsaya ya kasa ci gaba, ya koma shafin farko. Idan ya kai, gidansu su kawo wainar shinkafa a yi masa wankin littafi, wato walimar sauka.

Ba na so in tafi in bar shi saura kaɗan. Ki yi haƙuri da ni.

Ƙanwarki,
Okbun

Busan, watan Agusta

Ɓeran gidanmu,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Ki ce mata safa na nan tafe, ko ta so ko ta ƙi.

Na karanta wasiƙarki na yi dariya har abokiyar kwanana ta jefe ni da matashi. Ke? Gaban jama'a? Ke da in mai kawo wasiƙa ya yi sallama sai ki shige bayan tulun miya?

To ji nan. Na je wurin mai kula da layinmu a masana'anta na yi ta lanƙwasa kai har wuyana ya yi tsami. Ta ce Litinin, mako guda bayan bikin kaka. In ba ki tsaya gaban injin a ranar ba, akwai 'yan mata a bakin ƙofa suna jira. Ba ta ƙara ko yini ɗaya, na san ta.

Ni da na ɗauka tsohon malamin nan naki taɓin hankali gare shi. Muna yara muka sha jifan rufin zaurensa da tsakuwa. Sai ran hutu na ambaci sunansa a wurin mai sayar da tsofaffin littattafai na bayan kasuwa, mutumin ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce, "Pyo? Garinku ɗaya? Yana da rai?" Wai a da falsafa yake koyarwa a wata babbar jami'a a Seoul, har Jamus ya je karatu. Ya dawo ya yi ta rubutu a jaridu cewa a bar yara su haddace littattafan magabata da baki tun suna ƙanana, bayani ya biyo baya. Aka yi ta masa dariya, aka ce zai mai da ƙasa baya ana ƙoƙarin gina masana'antu. Wata rana ya ajiye aikin ya tattara ya koma ƙauye. Mutumin ya nuna mini littafin da ya rubuta, mai kauri kamar bulo. Na buɗe, kaina ya sara, na rufe.

Ni dai tambayata ɗaya: wannan karatu da ba a gane shi, miya ake yi da shi?

Ki riƙe ranar nan da kyau.

Yayarki da ta fi ki kyau,
Chunja

Maegol, farkon Satumba

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na gode da wahalar da kika sha saboda ni. Na riƙe ranar.

Na kai ƙarshen littafin. Malam ya sa washegarin bikin kaka don sauka. Ke nan dama ɗaya gare ni. In na tsaya, babu lokacin komawa shafin farko.

Na yi masa tambayarki, amma na ce ke kika yi ta. Ya yi dariya har ya yi tari. Ya ce, "Ki tambayi yayarki, kimchi, kabejin nan mai tsami da innarku take binnewa cikin tulu lokacin kaka, a ranar ake ci? Ni binnewa nake yi. Lokacin ci ba nawa ba ne." Ya ce a jami'a ya ga samari da suka iya sukar littafin da ba su taɓa karantawa ba, shi ya sa ya baro. Ya ce da ya dawo yana da ɗalibai cike da zaure, sai aka gina makarantar sakandare a gari suka watse. Rabon da wani ya sauke littafi a hannunsa, tun ina goye.

Shi ya sa maganar ta bazu. Matan bakin rijiya sun ce duk za su zo. Da na ji, na roƙi Malam a yi mu biyu kawai. Ya ce a'a.

An yi gwaji gaban Tsoho Bang mai injin casar shinkafa. Tare suka yi karatu da Malam suna yara, har yanzu yana riƙe da littafin a ka. Ya zauna kusa da Malam, ana ruwa, ƙofa a rufe. Na juya baya. Muryata ba ta fita sosai, amma na kai rabi. Tsoho Bang ya ce, "Karatun daidai ne, muryar ce ta sauro." Malam ya ce, "Kai taka ta jaki ce, kuma sau biyu ka koma shafin farko."

Wannan ya ba ni ƙarfin gwiwa. Tunda baya zan juya, ba zan ga kowa ba. Kullum ina gwadawa a ɗaki, fuskata a bango.

Inna ta ce, "Wa ya taɓa yin wankin littafi don 'ya mace? Kuma ke da gaisuwa ma sai an zaro ta daga bakinki da cokali." Amma jiya na gan ta tana tsince riɗi. Na ce na mene ne, ta ce in kula da gabana.

Za ki zo biki?

Taki,
Okbun

Zauren Karatu, Maegol

Zuwa ga Malama Chunja,

Bayan gaisuwa irin ta girmamawa, da fatan aiki yana tafiya cikin ƙoshin lafiya.

Wasiƙarki ta iso. Na fahimci roƙonki cewa in sauƙaƙa wa ƙanwarki, in saurare ta ni kaɗai, tunda ba za ki samu zuwa ki tsaya kusa da ita ba. Roƙo ne na 'yar'uwa tagari. Ba zan iya amsa shi ba.

Littattafan nan ba don ɗaki aka rubuta su ba. Mutane ne suka faɗa wa mutane, baki da baki, kafin a sa su a takarda. Wanda ya riƙe su bai taɓa furta su gaban kowa ba, ajiya ya yi, bai yi karatu ba. In na rage mata dokar, zan zama na gaya mata cewa karatunta bai kai na mazan da suka riga ta ba. Ya kai. Ya fi na da yawansu.

Batun tsakuwa da kika nemi gafara a kansa, rufin ya daɗe da yafewa.

Naki da girmamawa,
Pyo

Maegol, bayan biki

Yaya,

Ina gaishe ki. Mun yi kewarki ranar biki. Ban san kin rubuta wa Malam ba sai da Inna ta gaya mini. Na gode.

Bari in ba ki labari yadda ya faru.

Zauren ya yi kaɗan, don shugaban ƙauye ya jibge buhunan taki a gefe ɗaya. Sai aka ciccire ƙyamaren gaba ɗaya. Dattawa suka zauna a baranda, sauran mutane suka cika tsakar gida, yara har kan katanga. Malam yana can ciki jikin bango, littafin a kan ɗan teburinsa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Juya."

Na juya. Yaya, ban taɓa lissafa wannan ba. Littafin yana ciki, to in na juya masa baya ina zan fuskanta? Ƙofa. Duk Maegol a gabana, ido a kaina. Har da masu dawowa daga Seoul da takalmansu masu ƙyalli.

Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Layin farko da nake faɗa ko cikin barci ya ɓace. Ina jin wata tana cewa, "Wayyo, 'yar nan za ta suma." Wani yaro a kan katanga ya yi kukan ɓera, aka yi dariya. Na hango Inna a gefe da tiren waina a rufe da ƙyalle, ta sunkuyar da kai. Tsoho Bang ya yi gyaran murya ya ce, "Pyo, in ta daɗe haka, ka san doka."

Malam ya ce, "Na san ta. Faɗe ta mu ji."

"A juya wa littafi baya."

"Littafi. Ba malami ba, ba bango ba."

Sai na ji yana miƙewa. Kin san yadda gwiwoyinsa suke. Ya wuce ta gefena da littafin a hannu biyu, ya ratsa dattawa, ya sauka daga baranda da safa kawai, bai tsaya neman takalmi ba. Ƙasa a jiƙe take. Mutane suka dare, ya tafi har tsakiyarsu ya tsaya, ya ɗaga littafin daidai ƙirjinsa. Wani ya kawo masa kujera, ya ƙi. Wani ya ce ya kawo ya riƙe masa, ya ƙi. Ya ɗaga murya ya ce, "Okbun, ga littafi nan. Juya masa baya."

Na juya. Babu kowa gabana sai bango da matashin da ya tashi a kai.

Na fara. Da farko ni ma da ƙyar nake jin kaina. Tsoho Bang ya matso bayana yana bi. Can sai jikina ya kama rangaji da kansa, layi yana jawo layi. Ban san tsawon lokacin ba, amma inuwa ta bar baranda kafin in kai ƙarshe. Da na yi shiru, Tsoho Bang ya ce da ƙarfi, "Ba ta tsallake ko harafi ɗaya ba. Na so in kama ta, ban samu ba."

Na sauke, Yaya.

Inna ta buɗe tire tana share ido tana cewa hayaƙi ne, alhali babu wuta a wurin. Aka ci waina har aka yi faɗa kan ta ƙarshe.

Abu ɗaya ya dame ni. Malam tsaye ya yi tun farko har ƙarshe. Da aka gama ƙafafunsa suka ƙi, maza biyu suka kai shi gida. Yana kwance da zazzaɓi, an ce kada a dame shi. Bai ce mini komai ba a kan karatun, ko kalma ɗaya. Ban sani ba ko na ba shi kunya ne da na sa ya fita.

Zan zo da motar safe ranar Lahadi.

Ƙanwarki,
Okbun

Lahadi da safe

Yaya,

Ina gaisuwa. 'Yar Tsoho Bang ce za ta ba ki wannan a tasha, ita ta hau motar safe, kada ki tsorata da ba ki gan ni ba.

Na je yi wa Malam sallama. Zazzaɓin ya sauka. Na yi ƙarfin hali na tambaye shi ko karatun ya yi. Ya ce, "Bang ya ce ya yi. Ni daga inda na tsaya ban ji komai ba. Bayanki kawai na gani yana rangaji."

Ashe kunnensa ya fara nauyi. Ki jira ni a motar yamma. Gobe zan tsaya gaban injin a kan lokaci. Yanzu zan koma in zauna kusa da kunnensa in fara daga farko.

Taki,
Okbun