Jinin Shanun Baba Mode

Litinin, 9 ga Mayu, 1977

Shanun Yaya Hayatu sun iso daga Turai. A jirgin sama. Ni da na ƙare karatun likitan dabbobi a Zariya ban taɓa shiga jirgi ba, ga saniya ta riga ni.

An kafa rumfa a sabuwar gonar gwamnati da ke gefen fadama, wadda Yaya ya sami kwangilar cika ta da shanu. Wani Manjo ya yanke ƙyalle, ya ce madara za ta wadaci jiha. Shanun na tsaye suna haki, harsuna waje.

Na leƙa kwarmin da za a riƙa yi musu wankan kashe kaska. Fenti mai kyau. Ba ruwa, ba magani. Na gaya wa Yaya, ya yi dariya. "Ke dai Sadiya, komi sai kin gano mai aibu. Magani shina tahe, jirgin ruwa na tsaye Ikko."

Asabar, 18 ga Yuni

Na je rugar Baba Mode, bayan shingen gonar. Shi ke riƙon shanun gidanmu tun kafin a haife ni, kamar yadda mahaifinsa ya riƙe na kakanmu. Nono nasa, 'yan maruƙa namu, ba shaida, ba takarda. Yaya ya sayar da rabonsa tuni. Saura uku na marigayiya Inna, da suka faɗo mini.

Jinin garkensa nake so, ɗigo ɗaya daga kunnen kowace, don in san abin da kaskar wannan fadama ke ɗauke da shi. Ya daɗe yana kallon allurar. Ya ce ko sarkin shanu bai taɓa zub da jinin dabbarsa ba, sai don yanka.

"Mi za ki yi da shi?"

Na ce dubawa kawai, Baba. Idona kaɗai.

Ya ce, "Don ke ɗiyar Uwani ce." Shi da kansa ya riƙe mini ƙahon kowace.

Talata, 12 ga Yuli

Ga shi nan a madubin likita, cikin ƙwayoyin jini, biyu-biyu kamar 'ya'yan kabewa: ƙwayar cutar fitsarin jini. Kusan duk garken na ɗauke da ita, kuma duk lafiyarsu lau. Haka ya kamata. Kaska ta cije su tun suna maruƙa, lokacin da jiki ke iya koyon faɗa, sun koya, sun zauna lafiya da abokin gaba. Haka kowane garken bokolo, shanunmu na gida, yake daga nan har Argungu.

Wanda ke cikin haɗari shi ne baƙo: babbar saniya, jinin Turai, ba ta taɓa ganin kaska ba, an sauke ta a bakin damina, zafi ya gajiyar da ita, ba a yi mata wanka. Duk abin da littafi ya ce a guje wa, mun haɗa shi wuri ɗaya mun yi masa shinge.

Filibus, abokin aikina a ɗakin gwaji, ya ɗago daga madubin ya ce, "Dokta, wannan gona ce ko jarrabawa?"

Juma'a, 5 ga Agusta

Abincin rana a gidan Yaya bayan masallaci. Na yi masa bayani duka, a hankali, har da zane a bayan faranti da yatsa. Na ce a cika kwarmin nan ko da maganin kasuwa ne, kafin kaska ta yi yawa.

Ya saurara sosai, abin da ba halinsa ba. Har ya tambaya, "To su shanun Mode, kin tabbata suna da ita?" Na ce na gani da idona. Na ce amma maganar tsakaninmu ce, na yi wa tsohon alkawari. Ya ce, "Haba ƙanwata."

Na dawo gida ina jin daɗi. Na tuna ranar da ya tsaya gaban baffanninmu ya ce sai na je jami'a, ko da shi kaɗai zai raka ni tasha.

Talata, 30 ga Agusta

Azumi. Fitsarin shanun Turai ya koma ja. Ana haƙa ramukan binne su. Jirgin ruwa na nan tsaye a Ikko.

Alhamis, 6 ga Oktoba

Kwamitin bincike ya zauna, Manjo a tsakiya. An ba ni kujera a baya, kusa da tulun ruwa, inda ake ajiye masu ilimi.

Yaya ya miƙe cikin farar shadda. Bai ambaci kwarmi ba. Ya ce cutar daga garken wani Bafillace ta tsallako, mai suna Mode. Ya ce ba zato yake ba, an auna jinin shanun, an same ta. Ya juyo ya nuna ni da hannu biyu, kamar mai gabatar da amarya. "Ga likitar da ta auna nan. Uwarmu ɗaya, ubanmu ɗaya. Ba ta yi mani ƙarya."

Manjo ya ce, "Dokta, an samu ko ba a samu ba?"

Na fara cewa kowane garke a ƙasar nan...

"An samu ko ba a samu ba?"

An samu.

Ya faɗi sunan ƙwayar cutar daidai, Yaya. Har da yadda take zama biyu-biyu. Ashe ɗalibi ne mai ƙoƙari.

Juma'a, 7 ga Oktoba

Na tare Yaya a ƙofar Marsandinsa. Bai ko ji kunya ba, abin da ya fi ba ni sha'awa ke nan.

"Na faɗi abin da ba shi ne ba? To. So kike su ɗaure ni? Soja na hwa, Sadiya. Shi Bahillace ai tahiya gadonshi ce, gobe ya sami wata fadama."

Na ce wace fadama ta rage da ba a yi wa shinge ba? Ya ce in gaida gida.

Laraba, 19 ga Oktoba

An ba Baba Mode umarni ya bar fadama da mashaya kafin ƙarshen wata. Rani na shigowa. Hanya ɗaya ta rage masa, kudu, cikin kurmin tsando. Bokolo na jure kaska, ba ta jure sammore, ciwon da cizon tsando ke kawowa. Na ga garkunan da suka gudu can a shekarun fari, na ga abin da ya dawo.

Na je wurin Manjo sau biyu. Na farko yana taro. Na biyu ya ba ni lemo, ya ce ƙasa na alfahari da mata irina.

Asabar, 29 ga Oktoba

Da safe na ji kukan saniya a ƙofar gidana a Runjin Sambo. Baba Mode ne, da shanun Inna uku a igiya ɗaya. A ƙasa ya koro su, ta tsakiyar gari.

Mun gaisa, doguwar gaisuwa, bai rage ko ɗaya ba. Sannan ya miƙo mini igiyar.

Na ce Baba, ka tafi da su, naka ne da mu duka. Ya ce a'a, inda za shi ba a kai amanar mutane. Na fara bayani, cewa ba ni na kai magana ba, cewa... Ya ɗaga hannu.

"Ban tambaya ba, Dokta."

Dokta. Tun ina rarrafe ɗiyata yake ce mini.

Ya nuna farar, mai tsagaggen kunne, ya ce tana da ciki, ba ta son a zo mata ta hagu. Ya tafi bai sha ruwan da na kawo ba.

Lahadi, 6 ga Nuwamba

Shanu uku a gidan ma'aikaciyar gwamnati. Sun cinye zogalen Rifkatu maƙwabciyata. Ta ce ba komai, in dai za a tuna da ita ranar nono.

Laraba, 23 ga Nuwamba

Kowace safiya kafin ofis ina bin kunnuwansu da ƙarƙashin wutsiya, ina cire kaska da hannu. Akwai maganin feshi a ofis, jirgin ya iso a ƙarshe. Ban ɗauko ba. Ɗan maraƙin da ke tafe yana bukatar 'yar kaska kaɗan, wannan ilimi ne, ba wani abu ba.

Filibus ya ce akwai wani garke a hanyar Wurno da ya kamata mu ɗebi jininsa. Na ce allurai sun ƙare. Ya dubi akwatin allurai, ya dube ni, ya ce lallai sun ƙare.

Jiya na je gaisuwar Sallah gidan Yaya, don ba a ƙin zuwa. Ya sami sabuwar kwangila, ta kaji. Ya sa aka zubo mini soyayyen nama da yawa, yana ta ƙanwata, ƙanwata. Na ci. Naman ya yi daɗi. Da zan tafi na durƙusa yadda aka koya mana, na ce, "A huta lafiya, Alhaji."

Ya tsaya da tsoka a hannu. Matarsa ta dube ni.

Ban shirya ba, haka ya fito. Gobe sai na nemo harawa, farar ta fara nauyi.