Hannun Baba da Fitilu Huɗu

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya kai da iyalinka, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, har ta koma faɗa da kajin maƙwabta.

Maganar Baba ce ta sa na rubuto, amma kwantar da hankalinka, alheri ne. Ka san tun da ya tashi daga ciwon nan hannunsa na dama yake ɗan rawa, shagonsa na gyaran rediyo kuma yana kulle. Da ka ce ya koma wurinka ya huta, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ashe jarrabawa ya shirya wa kansa. Ya ce zai haɗa na'urar ƙirga irin wadda ya fara koyo yana saurayi. In ta yi daidai ya buɗe shago, in ta ƙi ya sayar da kayan aiki ya biyo ka.

Ya baje kaya a teburin falo: allo mai ramuka, wasu 'yan na'urorin lantarki biyu da yake kira ai-si, baƙaƙe masu ƙafafu kamar kyankyaso, ƙananan fitilu huɗu da maɓalli ɗaya. Ya ce fitila a kunne ɗaya ce, a kashe sifili. Duk dannawa lissafi ya ƙaru da ɗaya, har dukkansu su kama a sha biyar. Na gyaɗa kai kamar na gane. Da kansa ya soka wayoyin yana zufa, ko taimako bai yarda ba.

Da ya danna sai abin ya yi tsalle daga ɗaya zuwa huɗu, ya sake ya faɗa tara. Ya dubi yatsansa, ya ce rawar hannu ce ke danna sau da yawa, shi ke nan, in sanar da kai yana tafe. Wallahi Yaya ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, sai da na shiga kicin na yi kuka. Da na fito zan kwashe kayan, na danna abin don haushi. Ni ma ya yi tsalle! Umma ta danna, haka. Sai Baba ya fashe da dariya har da tari. Ya ce ƙarfen cikin maɓalli ne ke ɗan karkarwa kafin ya zauna, ai-si kuwa kowace karkarwa ƙirga ta take; abin da ya sha koya wa mutane, tsoro ya mantar da shi. Ya maƙala wata 'yar na'ura mai shanye karkarwar, wai ita kwandensa, a gefen maɓallin, lissafi ya tafi tiryan-tiryan har sha biyar, da yatsan nasa mai rawa.

Jiya ya buɗe shago. Na kai masa abinci, na ɗan matsar da ƙarfen dalmarsa don in ajiye kwano, ya daka min tsawa wai wa ya ce in taɓa masa kaya. Rabon da ya yi min faɗa tun kafin ciwo. Ban taɓa jin daɗin tsawa kamar wannan ba.

Ka gaida Anti da 'yan biyu, da Kawu in kun haɗu. Umma tana sa muku albarka. Baba ya ce ka yi haƙuri, yana da aiki.

Ƙanwarka,
Auta