Kalmar da tsohuwa ke roƙona

Assalamu alaikum Yaya,

Ka gafarce ni da zan ƙara maka damuwa a kan wadda kake da ita. Ya jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi. Ni lafiya lau, sai ɗan rashin barci da bai kai a gaya mata ba.

Maganar tsohuwar da nake jinya ce. Baturiya ce. Kullum in na gama taje mata kai a bakin taga, sai ta riƙe wuyan hannuna, wai in yi alkawari zan zauna da ita "foreba", wato har abada da Turanci. 'Yarta ta yi dariya ta ce, "Faɗa mata kawai, Anti. Mu ko mota ce ta makara, cewa muke mun jira foreba." Wai suna da wata kalmar mai nauyi, amma sai wurin ibada ko a jikin kabari.

Ni dai harshena ya ƙi. Tun muna allo aka koya mana dawwama ta Allah ce kaɗai. Sai in ce, "Yau ina nan." Sai ta sake ni, ta juya fuskarta bango. Juyawar nan ke bina har ɗakina, domin haka nan autata ta juya ran da zan baro gida na ce mata ba zan daɗe ba.

Don Allah ka tambayar mini Malam: in na faɗa don hankalinta ya kwanta, na yi ƙarya? Ta fara ƙin abinci, Yaya. Ka amsa mini da wuri.

Ƙanwarka.