Jinin Yaran Asibitinku

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, ya maigidan da yara? Ni lafiya lau, sai sanyi, shi ma mun fara saba wa juna.

Kin tuna jinin yara masu sikila da kika taya ni ɗiba a asibitinku, da alkawarin da na yi wa iyayensu cewa duk abin da aka gano zai dawo musu? To, mun fara gane abin da ya sa ciwon ke zo wa wasu da sauƙi: yana cikin ƙwayoyin halittarsu. Yanzu shugaban ɗakin bincikenmu yana so a miƙa sakamakon ga wani kamfanin magani, ba tare da an tambayi kowa a gida ba.

Ya ce, "Bayanai ne kawai, ba na kowa ba ne."

Na ce, "Mu a harshenmu gado muke ce musu, kuma magadan suna raye."

Ba za a fitar ba sai da sa hannuna, na kuwa ƙi. An mayar da teburina bayan firiji, an daina kirana taro, maganar sabunta aikina ma shiru. Kada Inna ta ji. Ki ce mata na yi ƙiba.

Ki tara iyayen ranar ganin likita, ki karanta musu wannan. In sun yarda, su faɗi sharaɗinsu, in sa hannu. In sun ce a'a, ki share mini ɗakin baya.

Allah Ya ba yaran sauƙi.

Ƙanwarki.